TSAKANIN GOYO DA MAKARANTA: Yadda Za Mu Kiyaye Yaro Mai Ƙiriniya

A ranin da ya wuce, lokacin ban-ruwan albasa, wani abu ya same mu a gidanmu a ƙasar Shanga wanda ba za mu manta da shi ba. Muna da yaro ɗan shekara 2 da wata 4. Duk unguwa an san shi da ƙiriniya. In ya ga tulu sai ya leƙa, in ya ga kaza sai ya bi ta, in ya ga rami sai ya sa hannu.

Ran nan da hantsi ƙanenmu ya komo daga fadama da ragowar fetur na injin ban-ruwa a cikin kwalbar lemo. Ya ajiye ta a gindin rumbu, ya shiga ɗaki. Uwar yaron tana daka, kakarsa tana tsince wake, mu kuwa muna zaure da baƙo. Manya huɗu ke nan a gida. Sai muka ji tari mai ƙarfi. Da muka fito, ga yaro riƙe da kwalba, bakinsa da rigarsa duk warin fetur.

Kaka ta ce, "Maza a kawo manja! A sa masa yatsa a maƙogwaro ya amayar!"

Muka ce, "Inna, ki yi haƙuri, kada a sa shi amai. Asibiti za mu."

Muka tuɓe masa rigar, muka wanke masa baki da jiki, muka hau babur. Kwana biyu muka yi a asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ce da an sa shi amai, da fetur ɗin ya koma cikin huhunsa, aikin kuwa da ya fi haka wuya. Allah ya taimaka, yaron ya warke.

Sa'ad da muka komo gida, ƙanenmu ya ce yaron nan sai an zane shi kafin ya daina taɓe-taɓe. Amma da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga ba haka ba ne. Kowace ranar kasuwa mukan sayo masa lemo a cikin irin wannan kwalba. Abin da ya sani ke nan: kwalbar nan zaƙi ke cikinta. Wa ya kamata a zane? Saboda wannan ne muka rubuta abin da ke biye, domin iyaye a Shanga, da Yauri, da Ngaski, da duk masu zama a bakin ruwa.

ME YA SA YARO KE ƘIRINIYA?

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa ƙaramin yaro da hannu da baki yake karatu. Ba ya sanin tauri sai ya buga abu. Ba ya sanin ɗaci sai ya lasa. Ba ya sanin zurfi sai ya leƙa. Kuma duk abin da ya ga babba yana yi, shi zai yi. In uwa tana hura wuta, shi ma zai hura. In uba yana wasa lauje, shi ma zai nemi lauje.

Saboda haka ƙiriniya alamar lafiya ce. Yaron da ya kamata a damu da shi, shi ne wanda ke zaune shiru wuri ɗaya, ba ya wasa, ba ya kula da kome. Sau da yawa irin wannan yunwa ke damunsa, ko ƙarancin jini, ko zazzaɓi.

Amma akwai abu guda da ɗan shekara 2 ba shi da shi, wato riƙe gargaɗi. Ka hana shi zuwa bakin rijiya da safe, da azahar ya manta. Ba taurin kai ba ne, hankalinsa ne bai kai ba tukuna. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Gaskiya ne. Amma akwai wutar da in ya taka sau ɗaya, ba zai sami zarafin koyon kome ba kuma.

LOKACIN DA YA FI HAƊARI

Jariri yana bayan uwarsa, inda ta je nan ya je. Ɗan shekara 6 ya shiga makaranta, ya kuma fara jin magana. Wanda ke tsakani shi ne abin tsoro, wato daga shekara 1 zuwa 4. An sauke shi daga baya, an yaye shi, watakila ƙanensa ya karɓi goyo. Ƙafarsa ta yi ƙarfi, amma wayonsa bai zo ba. Wani lokaci kuma an kai shi gidan kaka domin yaye, gidan da bai saba da shi ba, kakar kuwa ba ta iya bin sa da gudu.

Ga shawara ta fari, ba ta kuwa cin ko kobo. Yau da yamma ka durƙusa a tsakar gidanka, idonka ya zo daidai da tsayin yaron. Ka duba gabas da yamma, kudu da arewa. Me hannunsa zai kai? Me zai iya ja ya faɗo masa? Ina zai iya faɗawa? Sa'ad da muka yi haka a namu gida, mun ƙirga abu 9, har da lauje, da ƙugiyoyin kamun kifi, da bahon wanki cike da ruwa.

RUWA

Mu mutanen bakin ruwa ne. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka ta da kimanin mutum 44,000 zuwa sababbin garuruwa, zamanmu ya ƙara haɗuwa da ruwa. Kowace shekara ruwan yakan cika, ya kuma janye, ya bar tafkuna da laka inda muke noman rani. Ga kuma kududdufin da aka haƙa ƙasar gini, ga ramukan ban-ruwa, ga rijiyoyin da ba su da baki.

Sa'ad da jirgi ya kife kusa da Wara a watan Mayu na 2021, mutane da yawa suka rasu, duniya duka ta ji. Amma yaran da ke mutuwa ɗaya ɗaya a kududdufi da baho, ba mai faɗarsu a rediyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, ƙaramin yaro kansa yana da girma da nauyi in an gwada da jikinsa. In ya leƙa bokiti ko randa ya kife ciki, ba ya iya fitowa. Ruwan da bai wuce idon sawu ba ya isa ya kashe shi. Na biyu, yaron da ke nutsewa ba ya kuka. Uwa tana iya kasancewa a bayan zana, ba ta ji kome ba.

Rigakafi:

1. A zubar da ruwan wanki da na wanka nan da nan, a kife bahon.
2. A sa wa randa da duro murfi mai nauyi.
3. A gina wa rijiya baki ya kai ƙugun babba, a yi mata murfi.
4. A cike ramin da an gama aiki da shi. Wanda ba ya cikuwa a kewaye shi da ƙaya ko shinge.
5. A yi wa ƙofar gida ƙyaure ko asabari mai ɗauri, musamman gidan da ke duban ruwa.
6. A cikin kwalekwale babba ya riƙe yaro da hannu tun daga shiga har fita. In akwai rigar ruwa daidai jikinsa, a sa masa.

In an tsamo yaro daga ruwa, kada a rataye shi kai ƙasa, kada kuma a danna cikinsa wai don ruwa ya fita. Wannan ɓata lokaci ne, iska yake bukata. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa kaɗan, a toshe hancinsa, a hura masa iska baki da baki sau 5, ana duba ƙirjinsa yana tashi. Sa'an nan a danna tsakiyar ƙirjin da tafin hannu ɗaya sau 30, da sauri, a sake hurawa sau 2. A yi ta yin haka har ya yi numfashi ko taimako ya zo. Ko ya farfaɗo ya yi kamar ba kome, tilas ne a kai shi asibiti ran nan. Ku roƙi ma'aikacin lafiya na garinku ya nuna muku wannan da hannu, gama gani ya kori ji.

WUTA

Murhunmu a ƙasa yake, daidai tsayin mai rarrafe. Ga tukunyar koko da safe, ga man tuyar ƙosai, ga manyan tukwanen turara shinkafa da kaka, ga wurin bandar kifi. Da hunturu kuma akan kai garwashi ɗaki. Har toka ma da ta yi fari a sama, wuta tana nan a ƙarƙashinta. Fatar yaro ba ta da kauri kamar ta babba. Ruwan zafin da zai sa hannun uwa ya yi ja kawai, yana iya saɓule fatar ɗanta.

A gina wa murhu ɗan bango na laka, ko a yi wa madafa ƙofa. Kada a sauke tukunya mai zafi a tsakar gida a tafi ɗauko wani abu. In za a haɗa ruwan wanka, a fara zuba na sanyi, sa'an nan na zafi. Kada a ɗauki yaro da hannu ɗaya, tukunya da ɗaya.

In yaro ya ƙone, maganin farko ruwa ne mai sanyi. A riƙa kwarara masa a wurin har minti 20. Ba sai da famfo ba, buta da ruwan randa sun isa. A cire masa riga da abin hannu, amma abin da ya manne da fata a bar shi. Sauran jikin a lulluɓe shi don kada sanyi ya kama shi. Bayan haka a rufe wurin da tsumma mai tsabta. Kada a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa.

Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko manja, ko man goge baki, ko baƙin mai, ko gishiri, ko kashin shanu. Waɗannan suna riƙe zafi, suna kuma sa wurin ya ruɓe. A tafi asibiti in ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko kuwa tana fuska, ko hannu, ko ƙafa, ko gaɓa, ko al'aura. A kan hanya a ci gaba da ba shi nono ko ruwa.

A nan ya kamata mu faɗi wata magana. Waɗansu ƙunar ba haɗari ba ne, mu ne muke yinta. In zazzaɓi ya sa yaro jijjiga, akwai masu kara ƙafarsa a wuta wai don ya farfaɗo. Kada a yi. Kada kuma a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu a baki. A kwantar da shi ta gefe, a rage masa tufafi, a kai shi asibiti.

GUBA

Gidan manomi a yau cike yake da guba: maganin feshin ciyawa, da maganin ƙwarin wake, da ota-fiya-fiya, da maganin ɓera, da fetur, da kananzir. Har ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mai ciki, in yaro ya sha da yawa suna iya kashe shi.

Doka ɗaya ce: kada a zuba guba a cikin abin da aka saba ci ko sha a ciki. Kowane magani ya zauna a kwalbarsa ta asali, da takardarsa, a wuri mai tsawo ko a akwati mai kwado. Kwalbar maganin feshi da ta ƙare a huda ta a binne, kada ta zama butar yara. Wanda ya komo daga feshi ya yi wanka ya sāke tufafi kafin ya ɗauki yaro.

In yaro ya sha fetur ko kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. In maganin ƙwari ne, a tuɓe shi, a wanke jikinsa da sabulu, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti, domin likita ya san irin gubar. Kada a jira a ga ko zai nuna alama. Yawan dalala, da gumi, da amai, da rawar jiki, alamu ne cewa abin ya yi nisa. Haka nan in ya haɗiye ɗan ƙaramin batir mai kama da maɓalli, a yi asibiti nan take, gama yana cin maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i.

Masu aikin zinariya a ƙasar Yauri da Ngaski, ku ma ga taku. Kada ku kawo dutsen gida a daka ko a niƙa inda yara ke rarrafe. A Zamfara a 2010, ƙurar irin wannan dutse mai gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, gama hannun yaro daga ƙasa sai baki.

SAURAN RAUNUKA

Yanka da ƙujewa. A danna wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da ruwa da sabulu, a rufe. Kada a zuba ƙasa ko toka. Ƙusa mai tsatsa da ƙugiya suna iya kawo sarƙewar haƙora. Saboda haka a duba katin yaron, a tabbata ya sami alluran da ake yi a mako na 6, da na 10, da na 14.

Faɗuwa. Yawancin ƙulun goshi ba kome ba ne, tsumma mai sanyi da rarrashi sun isa. Amma in yaron ya suma, ko yana ta amai, ko barci ya danne shi ba ya tasuwa, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne, sai asibiti. In karaya ce, gara a fara zuwa asibiti. In kuwa an riga an yi ɗori a gida, a riƙa duba yatsunsa. In sun kumbura, ko sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ɗaurin ya yi tsanani, a kwance a tafi asibiti, don kada a rasa hannun.

Shaƙewa. Gyaɗa, da gurjiya, da ƙwallon dabino, da kwabo, duk suna tsayawa a maƙogwaron yaro. A daka masa gyaɗa kafin a ba shi, a kuma cire ƙayar kifi da kyau. In ya shaƙe har ba ya iya kuka, a kifa shi a kan cinya, kansa ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau 5.

Cizo. In kare ya cije shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a je a nemi allura ran nan. In maciji ne, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A hana yaron motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Hanya. Gidajen da ke bakin titin Yelwa zuwa Koko su san cewa yaro yana bin ɗan akuya har tsakiyar kwalta.

WA KE DUBA YARON YANZU?

Mu koma ga abin da ya faru a gidanmu. Manya huɗu muke, amma kowa yana tsammani wani ne ke duba yaron. Ana cewa ɗa na kowa ne. Maganar tana da kyau, amma sau da yawa yaron da kowa ke dubawa, ba mai duba shi. Yanzu mun yi doka a gida. In uwar za ta kama aiki, sai ta kira mutum da sunansa ta ce, "Ga shi a hannunka," shi kuwa ya amsa. In zai tashi, sai ya danƙa wa wani. Ba ma barin yaron a hannun yayarsa 'yar shekara 6, gama ita ma wasa ke gabanta.

Wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Bakin rijiya, da ƙyaure, da bangon murhu, da akwatin magani, aikin maigida ne.

Akwai kuma abin da unguwa za ta iya yi tare. A ƙasar Bangaladesh, inda ruwa ya kewaye gidaje kamar namu, an lura yawancin ƙananan yara suna nutsewa ne tsakanin ƙarfe 9 na safe da ƙarfe 1 na rana, lokacin da iyaye mata ke fama da aiki, kuma kusa da gida. Sai aka shirya mata biyu su tara yaran unguwa wuri ɗaya a waɗannan sa'o'i, suna yi musu wasa da waƙa. Bincike ya nuna nutsewa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a cikin yaran da ke zuwa. Mu ma ba abin da zai hana mu. Inuwar mangwaro, da zana huɗu, da tabarma, da mata biyu masu karɓa-karɓa, sun isa a fara, ko da lokacin girbin shinkafa da cirar albasa kaɗai. Zumuntar mata ko ƙungiyar manoma tana iya ɗaukar wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TO, BA ZA A HORE SHI BA?

Za a hore shi, amma daidai da shekarunsa. In ya nufi wuta, ka ce "A'a, zafi!" da murya ɗaya, ka ɗauke shi, ka ba shi wani abu a hannu. Gobe ka sake, jibi ka sake. Kowa a gida ya faɗi abu ɗaya, kada uwa ta hana kaka ta bari. Ka tanada masa abin taɓawa nasa: ƙoƙo, da ludayi, da faifai, da totuwar masara, da motar kara, da tarin yashi a inuwa. Yaron da hannunsa ke da aiki ba ya yawan neman lauje.

In ya ji rauni, a fara da magani da rarrashi. Yaron da ake duka in ya faɗi yakan koyi ɓoyewa. Ran da ya haɗiye wani abu, ko maciji ya sare shi, ba zai faɗa ba sai lokaci ya ƙure. Haka kuma kada maigida ya hau uwar da faɗa. Tsoron faɗa yakan sa mace ta yi ta maganin gida a ɓoye, har a makara. Ku yi shawara tun yau: wane asibiti za a je, babur ɗin wa za a hau, ina aka ajiye kuɗin mai, uwa kuma ta san tana da izinin tafiya ko maigida ba ya nan.

Yaronmu yana nan da ƙiriniyarsa. Jiya ma mun same shi yana ƙoƙarin sa wa akuya takalmin kakarsa. Amma fetur yanzu yana cikin jarka a ɗakin ajiya, da kwado a ƙofar.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Da ka durƙusa a tsakar gidanka, abu nawa ka gani da zai iya cutar da yaro? Wanne za ka gyara a wannan mako?
2. Rijiyoyi da ramuka nawa ne a unguwarku ba su da baki ko shinge? Wa zai kira aikin gayya?
3. A wane lokaci na yini ne mata suka fi yawan aiki a garinku? Wa ke duba ƙananan yara a lokacin?
4. Wace rana za ku gayyaci ma'aikacin lafiya ya koya muku hura numfashi?